Ƙullutun Maƙogwaro da Yadda Likitoci Suka Koyi Jinkirta Wuƙa

A birnin Bern na Suwizalan, inda ƙarancin aidin ya sa maƙoƙo ya yi katutu, Theodor Kocher ya ƙware wajen cire tayirod, wato gaɓar wuya da maƙoƙo ke kumburawa, ɗungurungum. Amma a 1883 shi da kansa ya bayyana abin da ya biyo baya: majinyatan sun zama kasalallu, jiki ya kumbura, tunani ya dushe, yara sun daina girma. Daga nan ya riƙa barin wani ɓangare na tayirod ɗin. A ganina darasin da wannan sana'a ta yi ta maimaitawa ke nan, cewa ganin baƙon abu a nama daban, hukuncin yanka shi daban.

Bayan ƙarni guda matsalar ta dawo ta hannun masu duba nama a madubin likita. A 1985, binciken gawarwaki 101 a Finlan ya gano ƙananan tsiron kansa a tayirod ɗin fiye da kashi ɗaya bisa uku, mutanen da suka rayu suka mutu ba su san da ita ba. Koriya ta Kudu ta ɗanɗana kuɗar rashin lura da wannan. Da sikanin wuya ya yawaita, masu kansar tayirod da aka gano a 2011 sun ninka na 1993 sau 15, alhali mace-mace ba su ƙaru ba. A 2016 kuma, ƙwararru ƙarƙashin Yuri Nikiforov suka bi diddigin majinyata 109 masu wani ƙullutu da ƙwayoyinsa ke kama da kansa amma bai keta kwansonsa ba. Babu wanda ciwon ya dawo masa, sai aka cire kalmar kansa daga sunansa.

Za a ce ai rigakafi ya fi magani, gara a cire a huta. Maganar tana da nauyi, domin akwai nau'in kansar tayirod mai kisa cikin watanni, kuma sakaci da ita ganganci ne. Sai dai tiyatar ma tana da nata farashi: shan magani har ƙarshen rayuwa, taɓa jijiyar murya, ko lalata ƙananan gaɓoɓin da ke daidaita kalsiyam a jini. Shi ya sa tun 1993 asibitin Kuma da ke Kobe a Japan ya fara sa ido kawai kan tsiron da bai wuce santimita ɗaya ba. Akasarinsu ba su girma ba, waɗanda suka girma kuma aka yi musu aiki a kan lokaci.