Hannun Kano da Katin Biki a Briqueterie

Wanda ya duba katin ɗaurin aure irin wanda ake rabawa a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, galibi hannu biyu zai gani, kuma babu na gida a cikinsu. Bisimillar da ke sama da Sulusi ko Diwani aka rubuta ta, salon da ya bunƙasa a Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sunan ango da amarya kuwa da siririn boko mai lanƙwasa, irin Edwardian Script, wanda Ed Benguiat ya zana a 1994, ya iso wa masu buga kati cikin Microsoft Office. A ganina ba ido ne ya yi wannan zaɓi ba, abin da aka tarar a kwamfuta ne.

Siririn bokon ma bai cika aikinsa ba. A allon tela ko na mai shadda, siraran layukansa ɓacewa suke daga tsallaken titi. Yawancin irinsa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai Ɗanladi ya koma Danladi, ko harafin farko ya fito da wata siffa dabam, tsaye ƙiƙam a tsakiyar ado.

Alhali muna da hannun da ya dace da kallo daga nesa. Rubutun Kano mai kauri ne, baƙi wuluk, domin alƙalamin kara mai faɗin baki ne ya haife shi. Haruffansa a zaune suke daram, jan wasali yana haska su, ga zayyana a gefe. Da shi Sharu Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, ya rubuta Alƙur'anan da aka buga aka baza a kasuwanni, kuma Andrea Brigaglia ya yi nazarin salon a mujallar Islamic Africa. Tun 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa wannan hannu, kyauta ake sauke su. Uzurin rashin kayan aiki ya faɗi ke nan.

Akwai suka mai ƙarfi, ba na musunta ta. Matasan da suka tashi da Alƙur'ani bugun Madina, na hannun Usman Taha, sukan yi tuntuɓe da rubutun Warshu da hannun Kano ke bi, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Amma Bisimilla ba ta da fa, ba ta da ƙaf. Diwanin da ake yabo kuwa, mutum nawa ne ke iya karanta shi? Abin da ya rage shi ne raini: ana ganin hannun Kano na allo ne da almajiri, bai kai ya hau katin attajiri ba.

Masu buga kati na Briqueterie su sa shi cikin samfuran da suke nuna wa iyayen biki, su bar su su zaɓa.