Daga Littafin Baitulmali Zuwa Excel

A zamanin Sarkin Kano Abbas (1903–1919) aka kafa Baitulmali. Hakimai suka daina ɗibar rabonsu daga haraji, aka yanka musu albashi. Tun daga nan suna a littafi ya zama kuɗi.

Gyaran 1976 ya rushe En'e, littattafan albashi suka koma hannun ƙananan hukumomi irin su Bichi da Ɗambatta. Da kwamfuta ta zo, aka kwashe sunayen zuwa Excel, layi-layi.

Sai dai manhajar ba ta bambance rayayye da mamaci. Abin da aka zuba mata shi take lissafawa. Shi ya sa gwamnatoci ke tantance ma'aikata ido da ido, domin duk sunan bogi yana cin gurbin malamin da makarantar ƙauye ke jira.