Kano daga Kan Dala, 1851

A Fabrairun 1851, hunturu bai gama wucewa ba, matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya hau dutsen Dala ya zana birnin Kano: soraye, itatuwan dabino, filaye a cikin ganuwa. Zanen ya fito a littafinsa na 1857, kuma ya cancanci a ɗauke shi a matsayin shaidar tarihi. Wani zai ce Bernatz, wanda ya ƙawata zanen a Jamus, bai taɓa taka Kano ba. Gaskiya ne, launin nasa ne. Amma shimfiɗar garin Barth ne ya gani da idonsa, kuma ginin ƙasa damina ke cin sa: galibin gidajen nan tuni aka sake su, shi ya sa zanen ke da muhimmanci.