Daga Tapowa zuwa Gadabeji: mota da gandun daji a tarihin Nijar

Matafiyin da ya bar Yamai da sassafe, ya ƙetare gadar Kennedy ya nufi kudu, zai isa garin Sayi kafin hantsi ya dubi ludayi. Daga nan hanya ta miƙe ta bi ta Tamu, gonakin hatsi suna raguwa, kukoki suna yawaita, har a kai mashigin Tapowa, kimanin kilomita 150 daga babban birni. Nan ce ƙofar gandun dajin da ake kira W. Sunan ba na Zabarmawa ba ne, ba na Gurmawa ko Fulanin da ke zagaye da wurin ba. Kogin Isa ne ya yi lanƙwashe-lanƙwashe a tsakanin duwatsu, masu zanen taswira na Turawa suka ga ta yi kama da wannan harafi nasu. Wanda ke cikin kwalekwale ba ya ganin wani harafi, sai ruwa da dutse. Sunan kansa yana faɗin wanda ya fara kallon wannan daji a matsayin abin kallo.

Dabarar keɓe daji domin namun dawa da masu yawon buɗe ido ba a Afirka ta fara ba. A Amurka aka kafa Yellowstone a shekarar 1872, kuma sai a 1915 aka yarda motoci su shiga cikinsa. Tun daga lokacin gandun daji da mota suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, domin daji mai faɗin kwana da kwanaki ba ya ganuwa ga baƙon da ke da hutun mako guda sai da mota. A Afirka, Beljiyam ta kafa gandun Albert a Kwango a 1925, Afirka ta Kudu ta kafa Kruger a 1926, sannan a 1933 ƙasashen da ke mulkin mallaka suka taru a Landan suka sa hannu a wata yarjejeniya ta kare dabbobi da tsirrai.

A ƙasar Nijar ma abubuwan biyu kusan tare suka iso. A ƙarshen shekarar 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas, masu sarƙa a maimakon ƙafafun baya, wanda aka sani da suna Croisière noire, ya ratso Hamada ya biyo ta Yamai da Damagaram ya nufi tafkin Cadi, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun zo da mai ɗaukar fim, da mai zane, da mai cusa fatun dabbobi domin gidajen tarihi na Faransa. Watanni kaɗan bayan haka, a watan Maris na 1925, wata dokar Faransa ta tsara farauta a yankin Afirka ta Yamma da take mulka, ta kuma ba da izinin keɓe mafakar namun daji. A 1926, shekarar da aka maido da hedikwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai, aka fara keɓe yankin W. Ranar 4 ga Agusta 1954 aka mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa. Kason da ya faɗo wa Nijar ya kai hekta 220,000, sauran yana cikin Benin da Burkina Faso na yau.

Abin tambaya shi ne, me ya sa namun dawa suka yi saura a nan bayan sun ƙare a wurare da yawa? Rahotannin Turawan mulki sun ɗauki wurin a matsayin dajin da ba kowa. Gaskiya ne mutane ba su da yawa, amma da dalili. Ƙudan tsando yana kashe shanu da sammore, wani ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu na Mekuru da Tapowa yana makantar da mutane, ga kuma yaƙe-yaƙe da harin kama bayi na ƙarni na 19 da suka mai da yankin tazara tsakanin masarautu, inda ba mai zama sai mafarauci ko mai gudun tsira. A gefen gandun ne, a Bumba, aka kashe jarumin Zabarmawa Isa Korombe a yaƙin 1896. Amma daji bai taɓa zama fanko ba. Duk inda kukoki suka taru wuri ɗaya, manoma sun san ma'anarsa: kufai ne. Masu binciken tarihi sun tono kayan aikin dutse masu daɗewa ƙwarai a bakin Mekuru, da kasake da kashin maƙera na masu narkar da tama. Ƙauyukan da suka rage a ciki lokacin da aka shata iyaka, tashinsu aka yi. Masu ɗiban zuma, da masunta, da maharba, da masu zuwa tsafi a wuraren kakanninsu, rana ɗaya suka wayi gari sun zama ɓarayin daji a gaban doka. Wannan ɓangaren tarihi ba kasafai ake karanta shi a takardun da ake raba wa masu ziyara ba, alhali kuwa shi ne tushen rashin jituwar da ta daɗe tsakanin talakawan yankin da ma'aikatan gandun daji.

Bayan samun ƴancin kai gwamnati ba ta rushe abin da ta gada ba, ƙari ma ta yi: a 1962 aka keɓe dajin Tamu da na Dosso domin su zama garkuwa ga W. Gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta kawar da jiran jirgin fito, ziyarar ƙarshen mako ta zama mai sauƙi ga mai mota. Su wa ke da mota a lokacin? Galibi Turawa ma'aikatan agaji da malaman da Faransa ta aiko, da ƴan ƙalilan daga manyan ma'aikatan gwamnati. Sukan zo da rani, daga Disamba zuwa Mayu, bayan an ƙona ciyawa da gangan tun tana da sauran ɗanye, lokacin da ƙishirwa ke tara giwaye da ɓauna da gwanki da kanki da mariya a bakin tabkunan da suka rage. Mai sa'a yakan ga zaki. Sukan kwana a masaukin Tapowa da ke kallon kwazazzabon dutse, da yamma su ji kukan bika.

Sai fari ya zo. Bayan yunwar 1973 da 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta sa wadatar abinci gaban kome, kuma a 1976 ta yanke wani babban yanki na dajin Tamu ta buɗe shi ga manoma. Sunan da aka ba yankin Hausa ce tsantsa: Ayinoma, wato a yi noma. Mutane suka kwararo daga Zabarmaganda da sauran wuraren da ƙasa ta gaji, tare da manyan Yamai da suka sami filaye masu faɗi. A ɗaya gefen kuma, farin 1984 ya tura makiyaya kudu, yaƙin da aka yi da ƙudan tsando da na makanta ya cire tsoron da ke tsare da daji, garken shanu suka riƙa ratsa gandun da bazara suna neman ciyawar Benin. Da wuya a zargi wanda ke gudun yunwa, da wuya kuma a musanta cewa garkuwar W ta yi rauni tun daga lokacin. Sunan gandun ya ci gaba da ɗaukaka a waje: ya shiga jerin Ramsar a 1987, ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 1996, aka haɗe shi da Arli da Panjari a 2017. Tsakanin 2001 da 2008 shirin ECOPAS, da kuɗin Tarayyar Turai, ya gyara hanyoyi, ya haɗa ƙasashen uku, ya yi ƙoƙarin shata burtali da shawarar makiyaya.

Mota ba kullum take kawo alheri ga abin da ta zo kallo ba. A Tenere akwai wata ƙaya guda da ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar azalai tsakanin Agadas da Bilma, saiwoyinta suna shan ruwa daga zurfin da ya haura mita 30. Shekaru aru-aru madugai suna wucewa, ba wanda ya sare ta don dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta banke ta, a fili mai faɗin da ba abin kaucewa sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Labarin raƙumin dawa ya sha bamban, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, don ba a cikin gandu ya tsira ba. A farkon ƙarni na 20 irin wannan raƙumin dawa mai hasken fata yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Tun kafin haka ma ya san ƙasar: a Dabus, arewa da Agadas, akwai zanensa a jikin dutse mai tsawon fiye da mita 5, wanda aka sassaƙa shekaru dubbai da suka wuce lokacin da Hamada take da ciyawa. Bindiga da gatari da fari suka cinye shi ƙasa bayan ƙasa. Waɗanda suka rage suka gangaro yankin Kure da Dallol Boso, kilomita 60 kacal gabas da Yamai, a bakin babbar hanyar da ta tafi Dosso. Da damina suna hawa tudu inda geza da sabara suka tsiro layi-layi kamar zanen damisa, da rani su sauko kwari su ci ganye da ƴaƴan gawo, bishiyar da ke yin kore lokacin da sauran suka kaɗe. A shekarar 1996 aka ƙidaya su, aka sami 49. A cikin shekarun nan ne ma aka sa sojoji kama wasu domin a kai su kyauta ga shugabannin ƙasashe maƙwabta, da dama suka mutu a hannun masu kamun.

Ba shinge, ba ƙofa, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba. Raƙuman dawa suna kiwo a tsakiyar gonaki, suna cin waken manoma da mangwaronsu, manoman kuwa ba su rasa abin cewa ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne doka mai tsanani a kan farauta, da kuma ƙoƙarin sa mazauna wurin su ga riba. Ƙungiyar ASGN ta riƙa ba mata rance, tana gina rijiyoyi, samarin ƙauyuka suka kafa ƙungiyar ƴan jagora, kowace mota da ta ratse daga kwalta sai ta ɗauki ɗayansu, ya hau bisa yana hangen kawuna a saman itatuwa. Kafin shekarar 2018 adadin ya haura 600. A wancan lokacin, ga malaman makaranta, Kure ita ce abin mamakin da ya fi kusa: ɗan makarantar Yamai na iya zuwa ya dawo a yini guda, fasinjan da ya taso daga Maraɗi ko Tawa kuwa wani lokaci yakan hange su ta tagar mota ba tare da ya biya ko dala ba. Gani ya kori ji.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban ƴan jagora, su biyun ƴan Nijar. Aka rufe yankin ga baƙi, samarin da suka rayu da wannan sana'a fiye da shekara 20 suka koma gona ko ci-rani. A wannan lokacin ne kuma ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka sami maɓoya a dajin W. An kai hari mashigin Tapowa a ƙarshen 2020, a watan Fabrairu na 2022 kuma nakiyoyi suka kashe masu gadin daji da mai horar da su a ɓangaren Benin. Dajin da yaƙin ƙarni na 19 ya mai da shi tazara tsakanin masarautu ya sake zama mafakar masu yaƙi, kuma waɗannan sun san yadda ake amfani da tsohon fushin makiyayi da aka ci tara ko aka harbe masa saniya.

Shekara biyu kafin harin Kure an yi wata tafiyar mota da ta juya al'adar da aka saba, domin a wannan karon dabbobin ne fasinjoji. Masana sun daɗe suna fargabar ajiye dukan irin a wuri ɗaya, inda annoba guda ko fari guda ke iya shafe shi. A watan Nuwamba na 2018 ma'aikatar muhalli ta Nijar, tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund, suka kama matasan raƙuman dawa 8, suka tsare su makonni a cikin wani garke na itace har suka saba, sannan aka ɗora su a bayan babbar mota mai dogon bango, kawunansu a waje. Tafiyar ta haura kilomita 800, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a hankali, ana kaffa-kaffa da wayoyin lantarki da rassan itatuwa, kusan kwana biyu a hanya.

Inda aka sauke su shi ne Gadabeji, arewa da Dakwaro a jihar Maraɗi, dajin hekta 76,000 da aka keɓe tun 1955, wanda UNESCO ta amince da shi a 2017. Ƙasar Buzaye da Fulani Bororo ce, ƙasar tuddan yashi da adua da ƙaya, inda raƙumin dawa ya ɓace tun farin shekarun 1970, sai dattawa kaɗai ke iya kwatanta shi wa jikokinsu. Daga cikin makiyayan wurin aka ɗauki masu bin sawunsu. A 2022 aka ƙara kawo wasu guda 4, kuma na farkon sun haihu a can.