Rikicin Pink Floyd: Tarihin Shari'a da Gaba Tsakanin Roger Waters da David Gilmour

Rikicin Pink Floyd doguwar takaddama ce da ta shiga tsakanin manyan 'ya'yan ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila mai suna Pink Floyd, musamman Roger Waters, marubucin baitocinta, da David Gilmour, makaɗin jitarta. Ta faro ne a ƙarshen shekarun 1970 a kan rabon kuɗi da jagoranci, ta kai gaban Babbar Kotun Landan a 1986, aka sasanta ta a wajen kotu a 1987, amma gabar da ta haifar ba ta mutu ba har yau. Tushen maganar ɗaya ne: idan mutane da yawa suka taru suka gina suna ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, wa ke da sunan ranar da aka rabu?

Asalin ƙungiyar

An kafa Pink Floyd a Landan a 1965. Waɗanda suka kafa ta su huɗu ne: Syd Barrett, mai jita da waƙa, Roger Waters, mai jitar bas, Nick Mason, mai ganguna, da Richard Wright, mai fiyano da ogan. Waters da Mason da Wright sun haɗu ne a makarantar Regent Street Polytechnic, inda suke karatun zanen gine-gine. Barrett ne ya raɗa wa ƙungiyar suna, ya haɗa sunayen wasu makaɗan bulus biyu na Amurka, Pink Anderson da Floyd Council, kuma shi ne ya rubuta yawancin waƙoƙin faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, wanda ya fito a 1967.

Jagorancin Barrett bai daɗe ba. Lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ga kuma shan ƙwaya, har ta kai ba a iya dogara da shi a dandali. Aka ɗauko David Gilmour, abokinsa tun suna samari a garin Kambirij, domin ya riƙe jita, sannan a watan Afrilu na 1968 aka sanar da fitar Barrett. Ke nan daga cikin mutum biyun da suka yi ta jayayya a kan sunan daga baya, babu wanda ya raɗa shi, ɗayansu ma ba a kafa ƙungiyar da shi ba.

Yadda kuɗi da iko suka raba kai

Bayan tafiyar Barrett, aikin rubuta baitoci ya koma hannun Waters sannu a hankali. A faifan The Dark Side of the Moon na 1973, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 45, shi kaɗai ya rubuta baitocin, alhali kiɗan na kowa ne. Wannan rabon aiki yana da nauyi a aljihu. A sana'ar waƙa ta ƙasashen Turai da Amurka kuɗi na shigowa ta ƙofa biyu: akwai kason waɗanda suka kaɗa suka rera a faifai, akwai kuma kason wanda aka rubuta sunansa a matsayin mawallafin waƙar. Kaso na biyu yana bin mai shi duk inda aka sa waƙar, ko a rediyo ko a fim, don haka wanda sunansa ya fi yawa a jerin mawallafa shi ya fi kwasa.

Faifan Animals na 1977 ya fito da wannan matsala fili. Ana lissafin kason mawallafi ne bisa adadin waƙoƙi, ba bisa tsawonsu ba. Gilmour ya sa hannu a waƙa ɗaya tak, Dogs, mai tsawon minti 17, wadda ta kusa cinye fuska ɗaya ta faifan. Sauran huɗun na Waters ne, ciki har da gajeriyar waƙar da aka raba gida biyu, kowane ɓangare aka ƙirga shi waƙa guda. Wright bai samu ko ɗaya ba.

A watan Yuli na 1977, a babban filin wasa na Montreal da ke Kanada, Waters ya fusata da hayaniyar 'yan kallo har ya tofa wa wani saurayi yawu. Daga wannan abin kunya ya samo tunanin gina katanga tsakanin makaɗa da masu kallo, tunanin da ya zama faifan The Wall na 1979. An yi aikin faifan cikin matsi. Kamfanin Norton Warburg da ke juya musu dukiya ya zuba kuɗinsu a harkokin da suka ƙare da asara, ga haraji mai nauyi yana jiransu, dole suka bar Birtaniya na tsawon shekara guda suka koma naɗar waƙoƙi a Faransa da Amurka. Ana cikin haka Waters ya ce Wright ba ya taɓuka komai, ya kafe cewa ko dai ya fita ko kuma a fasa sakin faifan. Wright ya fita, aka sake ɗaukarsa a matsayin ɗan albashi domin wasannin 1980 da 1981. Wasannin sun ci kuɗi fiye da abin da suka kawo, sai ya zamana Wright, wanda aka kora, shi kaɗai ya fita da riba, tunda asarar a wuyan masu ƙungiya take.

Faifan The Final Cut na 1983 shi ne na ƙarshe da Waters ya yi da su. Shi ya rubuta shi gaba ɗaya, a kan yaƙin tsibiran Falkland na 1982 da kuma mutuwar mahaifinsa a fagen daga a Anzio ta Italiya a 1944. Gilmour ya ce wasu waƙoƙin ragowar The Wall ne da aka riga aka ajiye saboda ba su kai ba. Jayayya ta yi tsanani har aka cire sunansa daga jerin masu tsara faifan.

Fitar Waters da shigar da ƙara

A 1984 kowannensu ya saki faifansa shi kaɗai: Gilmour ya fitar da About Face, Waters ya fitar da The Pros and Cons of Hitch Hiking. Babu wanda ya yi kasuwa irin ta Pink Floyd. Waters ya kuma saɓa da manajan ƙungiyar, Steve O'Rourke, ya nemi raba gari da shi, sauran kuwa suka ci gaba da riƙe shi. A watan Disamba na 1985 Waters ya rubuta wa kamfanonin faifai na EMI da Columbia cewa ya bar ƙungiyar. Daga baya ya ce dole ce ta sa shi, domin da ya zauna ya hana a yi sabon faifai, da an maka shi a kotu an tsiyata shi. A zatonsa dai tafiyarsa ita ce ƙarshen Pink Floyd.

Gilmour da Mason ba su ga haka ba. Da Waters ya tabbatar za su ci gaba da sunan, sai a watan Oktoba na 1986 ya garzaya Babbar Kotun Landan yana neman a rushe haɗin gwiwar, yana cewa ƙungiyar ba ta da sauran abin da za ta ƙirƙira. A nan lauyoyinsa suka gano cewa ba a taɓa tabbatar da haɗin gwiwar a rubuce ba, duk da shekara ashirin da aka yi ana tara dukiya tare. Sai ya sake dabara, ya nemi a ba shi ikon hana amfani da sunan. Hujjarsa ita ce shi ne ƙwaƙwalwar ƙungiyar, kuma sayar da faifai da sunan Pink Floyd babu shi yaudarar masu saye ce. Hujjar Gilmour kuwa ita ce wanda ya fita da ƙafarsa ba shi da ikon rufe wa na ciki ƙofa, kuma ƙungiyar ta taɓa rasa jagora a 1968 ba ta mutu ba.

Shekarar 1987

Yayin da lauyoyi ke musayar takardu, Gilmour ya tara makaɗa da marubuta a jirgin ruwansa mai suna Astoria da ke kan kogin Thames, wanda ya mayar da shi ɗakin naɗar sauti. Bob Ezrin, wanda ya yi aikin The Wall, ya dawo. Wright ma ya dawo, amma a kan albashin mako-mako. Faifan A Momentary Lapse of Reason ya fito a watan Satumba na 1987, ya kai mataki na 3 a jerin ciniki na Birtaniya da na Amurka. Na Waters, Radio K.A.O.S., wanda ya riga shi fitowa da wata uku, ya tsaya a na 25 a Birtaniya da na 50 a Amurka.

Waters ya aika wa masu shirya wasanni a Amurka gargaɗin cewa duk wanda ya sayar da tikiti da sunan Pink Floyd zai haɗu da shi a kotu. Gilmour da Mason suka zuba kuɗinsu domin fara rangadin, har Mason ya jinginar da motarsa Ferrari 250 GTO. Tikiti ya ƙare cikin sa'o'i a wasu biranen. Ɓangarorin biyu sun yi ta zagaya Arewacin Amurka a lokaci guda, Pink Floyd na cika manyan filayen wasa, Waters kuwa yana wasa a ƙananan zauruka waɗanda wasunsu ba su cika ba. Kasuwa ta yanke hukuncin da kotu ba ta kai ga yankewa ba: jama'a sunan suka bi, ba mutumin ba.

Har jibgegen aladen roba da ake hura wa iska a sake shi saman 'yan kallo, wanda aka fara amfani da shi a bangon faifan Animals, bai tsira ba. Waters ya ce tunaninsa ne, ya nemi a biya shi. Ɗaya ɓangaren suka sauya wa aladen siffa, suka mayar da shi namiji domin ya bambanta da nasa.

A watan Disamba na 1987, ana gab da Kirsimeti, Waters da Gilmour suka zauna a cikin Astoria suka cimma yarjejeniya. Gilmour da Mason suka samu ikon amfani da sunan Pink Floyd har abada, Waters ya samu haƙƙin The Wall da wasu abubuwa. Alƙali bai taɓa yanke hukunci a kan wanda ke da sunan ba. Da wannan haƙƙi ne Waters ya shirya gagarumin wasan The Wall a Berlin ranar 21 ga Yuli, 1990, watanni kaɗan bayan rushewar katangar birnin.

Sulhu na ɗan lokaci

Pink Floyd ta saki The Division Bell a 1994, inda marubuciya Polly Samson, wadda Gilmour ya aura a shekarar, ta taya shi rubuta baitoci. Da aka karrama ƙungiyar a Rock and Roll Hall of Fame a 1996, Waters bai halarta ba. Sai a ranar 2 ga Yuli, 2005, mawaƙi Bob Geldof ya shawo kansu suka hau dandali tare a wasan Live 8 a Hyde Park da ke Landan, wanda aka shirya domin matsa wa manyan ƙasashe lamba a kan talauci da bashin Afirka. Wannan ne karon farko cikin shekara 24 da Waters da Gilmour da Mason da Wright suka yi wasa tare, kuma shi ne na ƙarshe. Barrett ya mutu a 2006, Wright ya bi shi a 2008.

Bayan haka an ɗan ga sassauci. A 2010 Waters da Gilmour sun yi wasa tare domin tara wa yaran Falasɗinawa tallafi, a watan Mayu na 2011 kuma Gilmour da Mason suka bayyana a wasan Waters a zauren O2 na Landan. A 2013 Waters ya shaida wa BBC cewa kai ƙarar da ya yi kuskure ne.

Sabuwar gaba

Zaman lafiyar bai ɗore ba. Sabon haɗin sautin Animals da aka kammala a 2018 bai fito ba sai 2022, saboda saɓani a kan bayanin da za a buga a jikinsa, wanda Gilmour ya ƙi amincewa da shi. A 2020 Waters ya yi ƙorafin an hana shi tallata ayyukansa a shafin intanet na ƙungiyar. Daga nan siyasa ta shigo. A watan Afrilu na 2022 Gilmour da Mason suka saki waƙa da sunan Pink Floyd domin goyon bayan Yukren, Waters kuwa yana ɗora wa ƙasashen Yamma wani kaso na alhakin yaƙin da ƙasar ke yi da Rasha, har ya yi jawabi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya bisa gayyatar Rasha a watan Fabrairu na 2023. A wannan watan Samson ta zarge shi a shafin Twitter da ƙin jinin Yahudawa da kare shugaban Rasha Putin, Gilmour ya mara mata baya. Waters ya musanta zargin gaba ɗaya. Ya daɗe yana cewa gwamnatin Isra'ila yake suka a kan Falasɗinawa, ba Yahudawa ba. A watan Oktoba na shekarar ya saki nasa sabon naɗin The Dark Side of the Moon ba tare da ko ɗaya daga cikin tsofaffin abokan aikinsa ba.

Matsayinsa a tarihin irin waɗannan shari'o'i

Pink Floyd ba ita ce ta farko ba. Paul McCartney ya kai sauran 'yan Beatles uku Babbar Kotu ranar 31 ga Disamba, 1970, kuma sai a farkon 1975 aka rushe haɗin gwiwarsu a hukumance. A 1996 mai gangar ƙungiyar The Smiths, Mike Joyce, ya yi nasara a kan abokan ƙungiyarsa Morrissey da Johnny Marr, kotu ta ba shi kashi 25 cikin 100 maimakon 10, bisa dokar haɗin gwiwa ta 1890 wadda ta ce idan babu wata yarjejeniya abokan tarayya daidai suke a rabo. A 1999 kuwa 'yan Spandau Ballet uku sun sha kaye da suka nemi kaso daga kuɗin waƙoƙin da abokin ƙungiyarsu Gary Kemp ya rubuta. Duk waɗannan rigingimu ne na rabon kuɗi ko na raba gari. Abin da ya bambanta na Pink Floyd shi ne sunan kansa aka yi jayayya a kai, ɓangare ɗaya na son binne shi, ɗayan na son ci gaba da aiki da shi. Shi ya sa lauyoyin masana'antar ke nanata wa sababbin ƙungiyoyi su rubuta tun da wuri wanda zai riƙe suna idan wani ya fita.

A watan Oktoba na 2024 aka ruwaito cewa kamfanin Sony ya sayi haƙƙin naɗaɗɗun waƙoƙin Pink Floyd da sunanta da hotunanta a kan kimanin dala miliyan 400, bayan shekarun da cinikin ya yi yana cijewa saboda rashin jituwarsu. Haƙƙin wallafa waƙoƙin bai shiga cinikin ba, yana hannun waɗanda suka rubuta su. Gilmour ya ce ba kuɗin ne suka fi jan hankalinsa ba, so yake ya huta da gardamar da kowace shawara ke jawowa, kuma a shekarar ya bayyana ƙarara cewa ba zai sake hawa dandali da Waters ba.