Barkwancin da ya jira shekara 43

A 1960 aka fara nuna Boeing-Boeing, wasan barkwanci na Marc Camoletti, a Paris. Labarin Bernard ne, mai neman auren ma'aikatan jirgin sama uku, kowacce tana zaton ita kaɗai ce. Jadawalin tashin jirage ke rufa masa asiri, har jirgi mai sauri ya zo ya tona shi.

Beverley Cross ya mayar da wasan Turanci, ya shekara bakwai a dandamalin Landan daga 1962. Amma a New York, a 1965, sau 23 kacal aka nuna shi aka naɗe tabarma. Ashe jin harshe daban, jin barkwanci daban. Sai a 2008 birnin ya dara, har wasan ya ci kyautar Tony.