Tarihin Filastar Ƙananan Allurai da Jakunkunan Ƙwayoyin Halitta

Filastar ƙananan allurai wani ɗan manne ne mai tsinaye da yawa, kowanne bai kai milimita ɗaya ba. Suna huda busasshen saman fata, wanda shi ke tare yawancin magunguna, su sauke magani ba tare da zafin allurar da aka saba ba.

Buɗe fata don magani ya shiga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanzamai sun daɗe suna tsaga su shafa magani, kuma dattawan Katsina da dama na ɗauke da tabon lambar agana a damtse. Dabarar ta zamani kuwa a Amurka ta faro. Martin Gerstel da Virgil Place na kamfanin Alza sun sami haƙƙin mallakar dabarar a 1976, amma ƙera tsinayen ya yi wuya, sai a 1998 Mark Prausnitz da abokan aikinsa a Cibiyar Fasaha ta Jojiya suka yi su da silikon, suka nuna suna aiki.

Su kuma jakunkunan, ƙwayoyin halittar jiki ne ke fitar da su ɗauke da furotin da RNA. Peter Wolf ya gan su cikin jini a 1967. Rose Johnstone ta Kanada ta raɗa wa wani nau'insu suna eksozom a 1987, aka daɗe ana ɗaukar su shara, har a 2007 ayarin Jan Lötvall na Suwidin ya nuna suna kai saƙo daga wata ƙwaya zuwa wata. Matsalarsu a matsayin magani ita ce ba sa ratsa fata sosai, in kuma an zuba su a jini hanta da saifa kan kwashe su da wuri. Shi ya sa aka haɗa su da tsinaye. A 2019 ayarin Zhen Gu ya gwada haɗin, gashi ya sake tsirowa a jikin ɓeraye.

Abin da ya fi kusa da mu ya faru a Gambiya. A 2024 mujallar Lancet ta buga gwajin rigakafin ƙyanda ta filasta, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na jariran suka sami kariya. Asibitin da ke unguwar GRA a Katsina yana iya samun firijin ajiye rigakafi da ƙwararriyar nas mai yin allura. Ƙauyen da ba shi da su ne ya fi buƙatar wannan filasta. Haɗin filastar da jakunkunan kuwa akasarinsa bai wuce gwaji a kan dabbobi ba tukuna.